Rabi'u, Tagarsa da Dutsen da Muke Hawa Gani

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Rabi'u, ɗan Damagaram, wanda mu ɗaliban Nijar da muka zauna a Lyon muke kira Sarkin Ganin Dutse. Zuciyarsa ce ta tsaya a filin ƙwallo wata ranar Lahadi, yana da shekara talatin da ƴan kai. Na faɗi haka tun da farko don kada wani ya ɗauka hayaƙin da zan yi magana a kai ne ya kashe shi. Likitoci ba su ce haka ba, ni ma ba zan ce ba.

Shi da matarsa Hadiza suna zaune a hawan ƙarshe na ɗaya daga cikin dogayen benayen unguwar Minguettes, a Vénissieux, gefen Lyon. Gidan ba shi da wani abin nunawa, asansar ma, na'urar hawa benen, ranar da ta ga dama take aiki. Amma tagar falonsu tana kallon gabas, kuma a ranar da iska ta wanke sama, mutum yana iya hango dutsen Mont Blanc daga can, fari, a nesa ƙwarai, kamar an ɗora shi a bayan sauran tsaunuka. Ba kullum yake fitowa ba. Ranar da ya fito, Rabi'u yakan bi mu da waya ɗaya bayan ɗaya bayan sallar asuba, ko gaisuwar kirki babu, ya ce dutse ya fito, ana neman shaidu. Ya mai da abin kamar ganin wata a gida: sai mutum biyu sun gani kafin a tabbatar. Mukan shiga metro, mu kama tram, mu haura benen muna haki, Hadiza ta ɗora shayi. Wanda ya makara har rana ta ɗaga, a ce shaidarsa ba ta karɓu ba.

Ni ne ya fi sha'awar tsokana. Idan ya nuna mini ya ce na gani ko ban gani ba, sai in ce wataƙila shi ne, wataƙila kuma gajimare ne. Daga nan ya raɗa mini Malam Wataƙila, sunan ya bi ni har yau. Ya taɓa cewa ranar ɗaurin aurena, idan liman ya tambaya ko an karɓa, sai an tura mini wakili mai ƙarfin hali.

Ilimin iska muka karanta tare, amma shi ya fi ni son abin nesa ba kusa ba. A bakinsa na fara jin cewa a Amurka akwai dokar tarayya da ke kare gani a manyan gandun shaƙatawa na ƙasar. Wato ba lafiyar huhu kaɗai ba: doka ta ce mutumin da ya tsaya a bakin kwari ko kan tsauni yana da haƙƙin ya hangi nesa, kuma jihohi su matsa wa tashoshin wuta da masana'antu su rage hayaƙin da ke rufe masa ido. Wannan ya burge Rabi'u ƙwarai. Yakan ce ashe akwai inda aka zauna aka rubuta cewa hangen nesa ma dukiyar jama'a ce, kamar rijiya. Idan muka ce wannan damuwar masu ƙoshi ce, sai ya nuna mana bututun masana'antun da ke jere a kudancin gari, ya ce abin da ya ɓoye dutsen shi ne dai muke shaƙa, dutsen kawai ya fi mu saurin faɗa.

Yanzu ina Paris. Ina kwana a Montreuil, ina aiki a wani biro, wato ofis, da ke rubuta wa masu masana'antu da wasu hukumomin yankuna rahoto idan suna son su ja da wata ƙa'ida da gwamnatin tsakiya ta ɗora musu. Aikin halal ne, ina ganin, kuma takardar zamana a ƙasar nan a kansa ta rataya. A farkon shekarar nan shugabar sashenmu ta tambayi wanda ya san yadda wasu jihohin Amurka suke jayayya da waccan dokar ta kare gani, don mu ga ko akwai hujjar da za mu ara. Na ɗaga hannu. Babu wanda ya san batun kamar ni a ɗakin, kuma duk abin da na sani Rabi'u ne ya koya mini shi a bakin waccan tagar.

Na karanta hujjojin jihohin da natsuwa, kuma adalci ya sa in ce ba duka ne shirme ba. Suna cewa gyaran tashoshi zai tsadanta wutar talaka. Suna cewa su suka fi sanin yankinsu, ba masu zama a babban birni ba. Suna cewa a ba su lokaci. Mafi ƙarfi kuma, suna cewa hayaƙin ba nasu ba ne kaɗai, iska ce ke kawo shi daga wani wuri. Wannan ta ƙarshe ita na ɗauko, na gyara ta, na sa mata tufafin Faransa. Rabinta gaskiya ne. Na san ɗaya rabin, ban rubuta shi ba, domin ba a tambaye ni ba. An yaba mini a taron ranar Litinin, har aka ce hannuna yana da sanyi: ba na zargin kowa, ba na tabbatar da komai.

Nakan tambayi kaina me Rabi'u zai ce. Ba na son in sa wa mamaci magana a baki, kuma shi ba mai raina neman abinci ba ne. Ya san maƙwabtansa da ke aiki a waɗancan masana'antun, ya san masu tsofaffin motoci da kowace sabuwar ƙa'ida ke fara faɗa wa. Mai yiwuwa da zai ce in riƙe aikina. Abin da na fi zato shi ne ba zai yi faɗa ba. Zai karanta rahoton har ƙarshe, ya ajiye, ya yi dariyar nan tasa, ya ce ashe wataƙila ɗin nan har albashi ake biya a kanta. Wannan dariyar da ban ji ba ita ce ke hana ni sakewa.

Hadiza ba ta bar gidan ba, ba ta kuma bar al'adar ba. Takan kira idan dutse ya fito, sai dai ta ce kiran yana ƙara nisa da juna. Ko haka ne a zahiri ko kewa ce, ba ni da ma'aunin da zan rantse da shi. Ba ta san irin rahoton da nake rubutawa ba. A wurinta ni ne abokin mijinta da ya ci gaba da aikin iska a Paris, kuma haka take gabatar da ni ga mutane. Ban taɓa gyara mata ba.

Ranar Lahadin da ta wuce muka taru a gidan don yi masa addu'a. Na shigo jirgin safe daga Paris, asansar ta mace kamar yadda ta saba, muka haura da ƙafa, tsofaffin abokai duk mun yi ƙiba muna tsayawa shan iska. Bayan an shafa fatiha, ba wanda ya ce a tashi, amma duk muka tsinci kanmu a bakin tagar. Rana tana haske, ba alamar hadari, amma gabas fari fat, ko tsaunukan kusa da ƙyar ake rarrabewa. Hadiza ta ɗora yatsa a kan gilashin, daidai inda dutsen yake tsayawa, ta ce yana nan. Sai wata dattijuwa maƙwabciyarta, wadda ta zo taya ta aiki, ta tambaya ko gajimare ne ya rufe shi.

Hadiza ta juyo ta dube ni. "Malam Sani, kai ne masanin. Gajimare ne ko hayaƙi?"

Kowa yana jirana. Amsar da na saba tana kan harshena a shirye: abubuwa ne da yawa, akwai laima, akwai abin da iska ta kwaso daga nesa, sai an auna. Ita ce amsar da ake biyana in bayar, kuma babu ƙarya a cikinta. Na dubi bututun da ke kudu, na dubi yatsanta a kan gilashin.

"Hayaƙi ne, Hadiza," na ce. "Mafi yawansa namu ne, daga nan yake tashi. Kuma ni a wurin aikina, masu cewa ba nasu ba ne nake rubuta wa."

Ba ta yi fushi ba, ko kuma ta ɓoye. Ta sauke yatsanta, ta ce yau dai an samu shaida ɗaya, saura na biyu. Ta koma ta ɗauko shayin.

Ba zan yi wa masu karatu alkawarin jarumta ba. Ban ajiye aikin ba, ina tsoron takardar zamana. Abin da na iya shi ne na rubuta wa shugabarmu ɗaya rabin da na bari, na roƙi a saka shi a rahoton, in ba haka ba a cire sunana. Har yanzu ba ta amsa ba.

Rabi'u bai gama digirinsa ba, bai bar littafi ba, babu titi mai sunansa. Ya bar taga ɗaya a saman wani bene, da mutane kaɗan da ba sa iya kallon farar sama su ce yanayi ne kawai. Ni ne na fi kowa daɗewa ina iyawa, kuma ranar Lahadi abin ya gagare ni. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa inda yake babu abin da ke tare masa gani.