Ranar da Na Riƙe Kan Usaini

Ranar Asabar ta farko bayan ƙaramar sallah, shekarar da muka shiga aji biyar na firamare, na ga mutum ya faɗi a talabijin bai tashi ba. Da hantsi ne, an kawo wuta, maza sun cika zauren gidanmu na Gwammaja, takalma sun yi tsibi a bakin ƙofa. Umma ta aiko ni da butar shayi, na ajiye, sai na laɓe a bayan ƙyaure ina leƙe. A cikin akwatin wasu ƙarti ne sanye da hular kwano, kafaɗunsu a kumbure kamar an cusa musu matashin kai, sun duƙa suna fuskantar juna a kan ciyawa kore shar. Aka cilla wata ƙwallo mai siffar gwanda sama, wani siriri mai jar riga ya daka tsalle zai cafe, wani kuma ya taho a guje ya yi karo da shi tun ƙafarsa ba ta dawo ƙasa ba. Mai jar rigar ya faɗo ta ka. Zauren ya kaure da ihu, sannan ihun ya mutu a hankali, don mutumin ko yatsa bai motsa ba. Masu ba da magani suka rugo, ɗaya ya durƙusa ya riƙe masa kai tsakanin tafin hannuwansa biyu, sauran suka zura wani katako a ƙarƙashinsa suka ɗaure shi tamau. Malam Hadi tela, maƙwabcinmu, ya ce, "Yo su ɗaga shi su yayyafa masa ruwa mana!" Baffa Nasiru ya girgiza kai ya ce, "In wuya ne, ɗagawar ce ke kashewa. Ba a motsa shi sai a kan katako." Aka fita da mutumin daga filin, aka ci gaba da wasa kamar ba a yi komai ba.

Baffa Nasiru ƙanin babanmu ne. Ya daɗe yana tuƙin tasi a wani gari mai sanyi a Amurka, ya dawo gida da tari, da na'urar bidiyo, da kwali guda cike da kaset-kaset na wannan wasa da suke kira ƙwallon ƙafa duk da hannu ne ke yin aikin. Wani abokinsa da ya bari a can shi ke ɗaukar masa wasannin yana aiko su ta hannun masu zuwa gida, saboda haka sai an gama komai a can da watanni sannan mu a Gwammaja muke fara zullumin wanda zai ci. Da farko ba wanda ya gane kan abin. Baffa ya riƙa zana fili a ƙasa da tsinke, yana jera ƙwallayen dabino, yana bayanin cewa dama huɗu ake ba ku ku matsa gaba yadi goma, in kun kasa ku miƙa ƙwallo. Kafin damina ta faɗi, zauren ya rabu biyu. Baffa yana bayan masu jar riga, ƙungiyar garin da ya zauna. Malam Hadi kuwa, don dai ya ja shi da musu, ya ɗauki masu farar riga, daga baya kuma ya kamu da gaske.

Musunsu har cikin gida muke jiyo shi muna wanke-wanke. Baffa ya ce wasan na mai jefa ƙwallo ne, in kana da gwani ka gama, shi ke karanta fili kamar allo. Malam Hadi ya ce ƙarya ne, ƙartin da ke tare masa gaba su ne wasan, in suka buɗe ƙofa gwanin nan sai a kwashe shi a faranti. Sukan kai azahar a kan ko ya kamata a buga ƙwallo da ƙafa a karɓi maki uku, ko a yi kasada a nemi shida. Babanmu, wanda ke sayar da yadi a kasuwa, ba ya zama, in ya ratsa zauren sai ya ce, "Har yanzu dai kokawar ce?" ya wuce. Duk hirar tasu tana komawa kan wasan ƙarshe, wanda a cewar Baffa ƙasar gaba ɗaya take tsayawa cik saboda shi, kuma kasetinsa bai iso ba tukuna.

Ni kam tun daga wannan Asabar ɗin ban ƙara samun kwanciyar hankali ba. Na tambayi Baffa ko mai jar rigar ya tashi, ya ce wallahi bai sani ba, kaset ɗin bai nuna ba. Wannan amsar ta fi kome tayar mini da hankali. Ina tankaɗe, ina shara, ina 'yar gala-gala da ƙawayena a lungu, sai kawai in ga ƙafafun mutumin nan a miƙe a kan katako. Abin da ya sa tsoron ya yi mini nauyi kuwa shi ne Usaini. Tagwaye ne mu, ni ce Hassana, tare muke tafiya boko da Islamiyya, kwano ɗaya muke ci har lokacin da aka ce ya girma ya koma cin abinci da maza. Siriri ne mai gudu kamar barewa, ba ya tsoron komai, kuma babu yaron da wasan nan ya shiga ransa kamarsa. Shi ne ya tara yaran lungunmu a filin bayan makaranta, kusa da kududdufi. Suka cusa tsumma a tsohuwar safa suka ɗinke bakinta ta zama ƙwallo, suka kifa ƙoƙo da robar cin abinci a ka suka ɗaure da igiya. Filin ba ciyawa, ƙasa ce busasshiya mai tsakuwa, ga guntayen bulo nan da can.

Na gaya wa Umma, ta yi masa faɗa, ya yi kwana biyu ya koma. Na je na sami Baffa yana goge na'urarsa na ce ya hana su, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Hassana sarkin tsoro! Yara ne, ƙashinsu kamar roba yake." Daga nan na daina faɗa wa kowa. Sai dai duk aiken da aka yi mini da yamma, ko da zagaye ne, ta bayan makaranta nake bi, in tsaya daga nesa in tabbatar yana tsaye da ƙafafunsa, sannan in wuce.

Wata Laraba bayan la'asar aka aike ni kai niƙa. Ina dawowa da robar gari a ka na tarar filin ya cika. Ashe ranar suka sa nasu wasan ƙarshe, yaran lungunmu da yaran bakin kududdufi. A cikin na bakin kududdufin akwai Bala ɗan mahauta, yaro mai kirki amma ya ninka Usaini a jiki. Ina tsaye aka cilla safar nan sama. Na ga Usaini ya tashi yana miƙa hannu, na ga Bala ya taho kansa a sunkuye, kuma na san abin da zai faru tun kafin ya faru, don na sha ganinsa a raina. Ƙoƙon da ke kan Usaini ya fashe, ƙarar ta iso har inda nake. Ya faɗo a kan wuya da kafaɗa, ya juye rigingine, shi ke nan.

Ban san lokacin da na yar da garin ba. Yaran suka watse, kowa ya kama gabansa, sai Bala kaɗai a tsaye. Idanun Usaini a rufe suke, bakinsa a buɗe, ƙura a leɓensa. Na durƙusa a saitin kansa na sa tafin hannuwana a kunnuwansa na riƙe, yadda na ga an yi wa mai jar riga. Na ce wa Bala ya ruga gidanmu ya kira Baffa. Kafin ka ce me, mutane sun taru: masu facin taya na bakin titi, mai rake, wasu dattawa da suka fito daga masallaci. Wani ya kawo ruwa a buta, wani ya kama hannun Usaini zai zaunar da shi, ana ta cewa a ɗauke shi a kai wa mai ɗori. Ni da ko gaisuwa ba na iya yi wa baƙo sai na sunkuyar da kai, na buɗe baki na kurma ihu: "Kar ku ɗaga shi! Don Allah kar ku ɗaga shi, wuya ne!" Wani dattijo ya ce, "Ke yarinya, matsa ki ba manya wuri." Na ƙi. Na kifa jikina a kansa ina kuka ina maimaita magana ɗaya, gwiwoyina na cikin tsakuwa, hannuwana sun sandare. Ina jin ɗumin kunnuwansa a tafina, shi ne kaɗai abin da ke gaya mini yana da rai. Can ya buɗe ido ya ce, "Hassana, hannuna ba ya ji." Na ce masa kada ya motsa, ya kalle ni kawai.

Baffa ya iso ba takalmi, Malam Hadi na biye da shi da awon ɗinki a wuya. Ban taɓa ganin fuskar babba ta koma haka ba. Bai ce mini in matsa ba, cewa ya yi, "Riƙe, kar ki saki." Suka ciro ƙyauren wani shagon katako, aka zura shi a ƙarƙashin Usaini kaɗan-kaɗan, Malam Hadi ya yage wani yadi aka ɗaure goshi da ƙirji da ƙafafu. A bayan a-kori-kura muka tafi asibiti, ina durƙushe har lokacin riƙe da kansa, duk ramin da motar ta faɗa sai in ji kamar zuciyata ce za ta fito. Sai da wata ma'aikaciyar jinya ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya sannan na saki.

Muka zauna a benci har magariba. Umma na jan carbi, Baba ya zo daga kasuwa ya tsaya a jikin bango. Likita ya fito ya ce ƙashin kafaɗa ya karye, akwai kuma tsagewa a ɗaya daga ƙasusuwan wuya, amma bai goce ba, kuma an yi sa'a da ba a jijjiga shi ba. Da aka bar mu muka shiga, ya ce wa Usaini ya motsa yatsun ƙafa. Na zuba musu ido ban ko numfasa ba. Babban yatsan dama ya motsa, sannan sauran. A nan na zauna daɓas a ƙasa.

Usaini ya dawo gida da wani abin wuya mai tauri wanda ya hana shi juya kai, ya yi watanni a kwance, shekarar karatu ta wuce shi. Baffa da kansa ya tattara kaset-kaset ɗin ya tura ƙarƙashin gado. Zauren ya yi tsit, Malam Hadi ya koma kan kekensa. Baba bai yi wa ƙanin nasa faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Gaisuwa kawai ke haɗa su, suka daina cin tuwo tare. Kullum Baffa zai zo ya tsaya a ƙofar ɗakin Usaini da ayaba ko lemo, ya miƙo mini, ya juya. Bala ma yakan zo da 'yar tsoka a takarda daga babansa, ya zauna a bakin ƙofa yana wasa da yatsunsa.

Ana cikin haka kasetin wasan ƙarshe ya iso. Labarin ya kai kunnen Usaini, ya aike ni in kira Baba. Usaini na kwance yana kallon rufi, don ba ya iya kallon ko'ina, ya ce, "Baba, ba Baffa ne ya ce in yi ba. Ni dai ina so in ga wa ya ci." Baba ya juya ya fita. Jim kaɗan sai ga shi ɗauke da talabijin da kansa, Baffa na biye da na'ura. Aka ɗora akwatin a kan durowa yadda mai kwance zai gani, aka kira Malam Hadi da Bala. Da farko kowa a takure yake, kamar zaman makoki. Amma da masu farar riga suka yi kasada suka rasa, Baffa ya manta da kansa ya ce, "Ban gaya maka ba!" Malam Hadi ya miƙe yana rantsuwa alƙalin wasa ne ya cuce su. Sai ga Baba, wanda ya tsaya a bakin ƙofa da niyyar tafiya, ya zauna a gefen tabarmar Baffa yana tambaya, "To yanzu su wa ke da ƙwallon?" Masu farar riga ne suka ci a ƙarshe, Malam Hadi ya yi wata guda yana tsokana. Ni ban ga ko minti ɗaya ba. Na zauna a ƙarshen katifa na ba akwatin baya, ina kallon yatsun ƙafar Usaini suna motsi duk lokacin da wasan ya yi zafi.

Yau filin bayan makaranta ya zama jerin shaguna, an cike kududdufin an yi gini. Baba da Baffa duk sun riga mu gidan gaskiya, kabarinsu kusa da juna. Usaini yana da iyalinsa a Zaitawa, har yanzu in an kira shi ta baya da dukkan jikinsa yake juyowa. Bai daina bin wasan ba, amma yanzu a waya yake kallo shi kaɗai, da abin ji a kunne, yana musu a rubuce da mutanen da bai taɓa gani ba. Ba mai kai musu shayi, ba mai jiyo muryarsu daga tsakar gida. Ni har gobe in na ga an nuno masu hular kwanon nan sai in ji tafin hannuna ya yi gumi, in tashi in bar wurin. Ban taɓa son wasan ba ko da rana ɗaya. Gidan da ake musu a kansa ne nake kewa.