Shekarar da Motar Baba Ta Ƙi Tashi

Ranar da Baba ya faɗi, da ƙafarsa ya shigo gida. Ya kwaso wa mutane tumatir daga Watari ya kai kasuwa, ya dawo wajen la'asar, ya ajiye a-kori-kurarsa a gindin darbejiyar ƙofar gida kamar kullum, ya shiga zaure zai yi alwala. Ƙarar faɗuwar buta Inna ta ji. Ko da aka kirawo ni daga shagona na ɗinki, yana kwance bakinsa ya karkace, ɓarinsa na dama kamar ba a jikinsa yake ba.

Na zaro makulli daga aljihunsa na ruga mota. Na ɗan iya tuƙi, wajen abokai na koya lokacin da nake zaune a birni. Na murɗa, inji ya juya, ya juya, bai kama ba. Na sake, na kuma sakewa, har batir ya fara nishi. Motar da yanzun nan ta dawo daga kasuwa, murfin injinta ma da sauran zafi! A amalanken shanu muka kwantar da shi, muka lulluɓe shi da zane, muka kai shi bakin kwalta, daga nan aka samu motar da ta kai mu asibitin Ɗanbatta.

Ya rayu, alhamdu lillahi, amma magana ta tafi, hannu da ƙafar dama ma sun tafi. Da za a sallame mu likita ya ja ni gefe. Ya ce lallai mu riƙa kawo Baba gashin ƙashi duk mako, domin watannin farko su ne komai. Idan aka bar hannun ya sandare, ba ya dawowa. Na ce to, kamar abin mai sauƙi ne. Hanyar garinmu burtali ce tsakanin gonaki, rairayi ne zalla da rani. Direban da ya tausaya ya shigo da mu ranar sallama, tayoyinsa sun yi ta kafewa, ya fita yana rantsuwa ko gawar uwarsa ce a garin nan ba zai sake shigowa ba. Babur ba ya yiwuwa ga mutumin da ba ya iya zama. Amalanke kuwa, jijjigar ranar farko ma likita ya yi mana faɗa a kanta. Mota ɗaya ce ta san wannan rairayin, ita ce kuma ke tsaye a gindin darbejiya ta ƙi tashi.

Inna ta sa aka kwantar da Baba a ɗakinsa na can ciki, ta saki labule. Masu dubiya maza a zaure suke tsayawa, ƙanensa da muke kira Baba Ƙarami ya amsa musu. Ba wanda ya ga laifin haka, har ni. Mutumin da ke raba faɗa a garin nan, wanda in ya yi gyaran murya matasa ke gyara zama, ba za a bari a gan shi yawu na zuba a gemunsa ana goge masa ba. Inna har ta tsara yadda za a yi in motar ta tashi: a kawo bayanta daf da ƙofa, a kare da tabarmi, a fita da asuba.

Bakaniken farko ɗan garinmu ne, gwanin babura da injin ban-ruwa. Ya ce ai inji duk inji ne. Ya saurari yadda take juyawa, ya gyaɗa kai kamar malamin da aka kawo wa tambaya mai sauƙi, ya ce, "Mai ne ba ya zuwa." Ya kwance kabureta ya zuba kayan cikinta a kwanon sha na Inna, ya wanke da fetur, ya yi ta hurawa da baki. Wajen mayarwa wani ɗan ƙarfe mai rami, bai kai ƙwayar dawa ba, ya suɓuce ya faɗa rairayi. Da rariyar tankaɗe muka yi ta nema har magariba. Bai karaya ba, ya ce ba lallai sai da shi ba. Washegari ya ce wuta ce, ya zare wayoyin fulogi gaba ɗaya, ya ciro kan da ke raba musu wuta ya goge, ya mayar yadda ya ga ya dace. Da aka kawo batir daga caji, na murɗa, ba abin da ya canza. Ya goge hannunsa ya ce, "Wannan kuma sai dai addu'a."

An yi addu'ar. Baba Ƙarami ya kawo rubutu aka yayyafa a kan injin da tayoyi, domin mutane sun fara cewa ba banza ba, mota da mai ita su kwanta rana ɗaya. Ban hana ba. A lokacin da wani zai ce in yi wa motar turaren wuta, wallahi da na yi.

Kullum da safe nakan shiga in gaishe da Baba, in durƙusa daga bakin ƙofa, in ba shi labarin inda aka tsaya. Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu ba a wasa da wannan kunyar. Inna ba ta taɓa kama sunana ba. Baba in zai aike ni, ƙanwata yake gaya wa ta gaya min, ina tsaye ina ji. Saboda haka idona a tabarma yake in ina magana. Ina dai jin yadda numfashinsa ke sauyawa in na ambaci mota, yana buga katifa da hannun hagu, yana fitar da wani sauti daga maƙogwaro, yana nuna ƙofa. Inna sai ta ce, "Ka gani ko? Kana tayar masa da hankali. Ka daina kawo masa zancen motar nan." Na daina.

Na biyu mai gyaran wutar mota ne daga Ɗanbatta, na je na ɗauko shi a babur. Da ya leƙa ƙarƙashin sitiyari sai ya yi salati, sannan ya fashe da dariya. Shekara da shekaru Baba da kansa yake gyaran wutarsa, kuma da alama ƙullin waya guda ya taɓa saya, ja, yake ta yanka. Ta fitila ja, ta hon ja, ta caji ja, sun cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana. "Alhajin nan shi kaɗai ya san garinsa," in ji mutumin. "Ni ba zan iya bin wannan ba. Sai dai a zubar a sake sabo." Na ce a raina, to wa za a tambaya? Ya sa almakashinsa ya datse, ya jawo, ya tara a gefe. Kwana biyu yana aiki, kuma aikinsa ya yi kyau, waya kala-kala, ya nuna min wuta tana tsalle shuɗiya a bakin fulogi. Na ji kamar in rungume shi. Na murɗa makulli, motar ta yi tari, ta harba wata ƙara ta salansa da ta watsa kajin unguwa, ta yi shiru. Ya ce shi dai ya kawo wuta, saura aikin bakanike, wani ya taɓa injin nan ya rikita lokacin da wuta ke sauka. Na san wanda ya taɓa, bakaniken farko ne. Yana tsaye a bayanmu yana kallon sama.

Makonni suna ta tafiya. Duk ranar da ya kamata a ce muna asibiti, sai in je shago in kasa zura zare a allura. Inna tana shafa wa hannun man shanu da ɗumi, tana miƙar da yatsun, suna komawa su lanƙwashe. Na yi fushi da motar kamar mutum. Akwai ranar da na tsaya ni kaɗai na yi ta zaginta, na ce ya ci da ke ya sha da ke, ko gidansa bai gyara ba sai ya gyara ki, yau kuma ki yi masa haka? Na harbi tayarta, na yi kwana uku ina ɗingishi.

Baba Ƙarami ne ya kawo shawarar a ja ta. Ya ce tsohuwar mota ba ta son lallashi, in aka fizge ta a giya dole ta kama. Turin hannu ba ya yiwuwa a rairayi, sai aka roƙi mai tarakta da ke kai taki gonaki. Aka ɗaura igiya, na shiga, na sa giya ta biyu, na danne kuloci. Rabin gari ya fito kallo. Tarakta ta ja, muka ɗan yi gudu, ana ta ihu, "Saki! Saki!" Na saki. Motar ta yi tsalle, ta yi wata ƙara daga ƙasa kamar an karya busasshen itace, sandar giya ta fizge daga hannuna ta tsaya cak, ba gaba ba baya. Baƙin mai ya fara ɗiga a kan yashi. Da baya aka jawo ta aka mayar gindin bishiya, tayoyin baya suna jan ƙasa. Bakanike na uku, na gaske wannan karon, ya zo ya sauke giyabos ɗin ya ajiye a kan buhu, ya ce haƙora sun kakkarye, irinsa kuma sai an bincika a birni.

A wannan makon autarmu ta zo daga gidan mijinta a Tofa. Ita ba ruwanta da kunyar kowa, a gefen katifar Baba take zama, ta riƙe fuskarsa tana yi masa surutu. Kwana ɗaya ta yi ta same ni a zaure.

"Yaya, kai ba ka ga abin da yake nunawa ba? Wajen mota yake so a kai shi."

"Ya ga me? Ya ga yadda muka yi da ita?"

"Ni dai na tambaye shi, ya matse min hannu. Ka taɓa tambayarsa?"

Inna ta ce sam, ba za a fitar mata da miji a mayar da shi abin kallo ba. Auta ta yi kuka, ta yi magiya, ta ce to a bari sai Juma'a, in maza sun tafi masallaci a garin gaba. Da ƙyar Inna ta yarda, da sharaɗin a sa masa babbar riga da hula.

Ranar ban je masallaci ba. Na goya Baba. Tun da nake ban taɓa riƙe jikin mahaifina haka ba, kuma ban zaci ya yi rashin nauyi har haka ba. Da muka fito ya ga tulin jajayen wayoyi a gefe, da giyabos a kan buhu, na ji ƙirjinsa yana bugawa a bayana. Na zaunar da shi a kujerar direba, Auta ta tallafe shi ta ɗaya ƙofar. Bai kalli makulli ba, bai kalli sitiyari ba. Hannunsa na hagu ya sauka da kansa, ya shige ta wata yagewa a gefen kujera, can cikin soso. Muka ji ƙas. Ya sake, ƙas. Sai ya jawo a hankali, abin ya biyo hannunsa: ɗan makunni irin na fitilar ɗaki, da guntayen jajayen wayoyi biyu a jikinsa, an datse su.

Maganin ɓarayi ne ya yi wa motarsa. In ya ajiye ta ya kashe, wuta ba za ta je inji ba ko da makulli. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa kullum shi yake fara shiga, ya tayar, kafin ya bar kowa ya hau. Ni kuwa tun ina yaro a baya nake hawa tsakanin buhuna, ban taɓa zama gefensa ba. Lafiyarta ƙalau ranar da ya faɗi. Lafiyarta ƙalau har ranar da muka fara gyara ta.

Auta ta toshe bakinta da mayafi. Baba ya daɗe yana kallon abin a tafinsa, sannan ya ɗago ya dube ni, ni ma karon farko na dube shi sosai. Ba fushi na gani ba, da ma fushin ne da ya fi min sauƙi. Gajiya ce kawai. Ya nuna ƙofar gida, na juya masa baya, na goya shi muka koma.

Sai da damina ta sauka, ruwa ya danne rairayin, sannan wata motar haya ta yarda ta shigo. Muka kai shi gashi. Ma'aikaciyar, wata dattijuwa mai tabarau, ta ɗaga hannun, ta gwada buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta gwada miƙar da gwiwar hannun. Ta ajiye shi a hankali a kan cikinsa, ta juyo gare ni.

"Malam, ina kuka tsaya tun tuni?"

Na ce, "Motarmu ce ta lalace, Hajiya."

Baba yana kwance a kan gadon, idonsa a rufe. Ya girgiza kai.