Shekarar da na daina dariya

A zamanin Nasara, ina matar aure a wani ƙauye kusa da Dungas, abu biyu aka san ni da su: ƙarfi da dariya. In na ƙyalƙyale a bakin rijiya, daga gona ana jiyo ni. Haihuwata ta huɗu ta zo daidai da cirar gyaɗa, ga shi kumandan, Baturen mulki, ya kwashe mazanmu aikin hanyar Magarya. Uwar mijina ta ce in zauna in cika arba'in ɗin jego, na ce mata ai ni ba ƙwai ba ce. Kwana goma sha biyu na yi, na koma jan guga da ɗaukar buhu a ka.

Ba a jima ba na fara jin nauyi a ƙasana. In na yi tari ko atishawa sai fitsari ya ɗigo, dariya kuwa ta fi komai. Alwala ta ƙi zama. Sai na ɗaure fuska na bar shiga mata, har ana cewa girman kai ya kama ni. Maƙwabciya ɗaya na gaya wa, ta ce in daka bagaruwa da jar kanwa in cusa, wai zai matse ni. Na yi. Wallahi kwana uku ina tafiya kamar agwagwa, wurin ya ƙone, ɗigon kuma yana nan. Na yi kuka, na tsani kaina.

Goggona, ungozoma ce a Yekuwa, da ta zo duba ni, daga tafiyata ta gane. Ta yi mini faɗa son ranta, ta ce fata na ƙona alhali naman ciki ne ya saki. Ta raba ni da guga da buhu wata uku. Ta ce in riƙa tsuke ƙasana kamar wadda tusa ta matsa a gaban surukai, in riƙe, in saki, duk sanda nake kaɗin zare, kuma in tsuke kafin tari. Na ɗauka tsokana ce, amma na bi. Kafin shuka na haɗa azahar da la'asar da alwala ɗaya.

'Yan'uwana mata, na koyi cewa ɓoyewa ta fi ciwon cutar da ni. Ku huta bayan haihuwa, kada ku cusa komai don wata ta ce, ku je wurin wadda ta san aikin, yanzu ga asibiti ma. Ni dai ranar da maigida ya dawo yana ba mu labarin yadda jaki ya kayar da wani dogari, na yi dariya har da hawaye, na tashi zanena a bushe.