Kulocin Fankar Lawan

Rubuta, Nafisa. Ladi mai abinci ce ta fara ba ni labarin Isyaku bakanike, tun ban san fuskarsa ba. Ta ce akwai wani a garejin manyan motoci na Gyadi-Gyadi da yake cin shinkafa a tsaye, don in ya zauna bayansa ba ya barinsa ya miƙe. Daga baya na samu gadi a garejin, na gan shi da idona.

Mutumin Ƙauyen Alu ne. A ƙarƙashin tirela ya tsufa. Ba ya fara'a, ba ya faɗa, sai dai ka ji ya sauke numfashi ya ce a miƙo sifana.

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, Lawan direba ya shigo da tirela tana huci. Kulocin fanka ne ya mutu, abin nan da yake sa fanka ta kama in inji ya yi zafi, ta saki in ya huce. Ga tumatir a baya za shi Kudu. Ga mai motar ya riga ya ce in ta ƙara tsayawa a hanya, Lawan ya ajiye makulli.

"Baba Isyaku, ɗaure min ita kawai," in ji Lawan.

Haka suke yi a garejin: a huda kulocin, a zura noti, fanka ta yi ta juyawa ba hutu.

Isyaku ya ce, "Wannan fankar ta tsufa, ɗauri ba zai kai ka Legas ba. Jira in nemo na Beljiyam."

"Ni zan jira, Baba, tumatir ne ba zai jira ba. Yanzu fa dimokuraɗiyya ake, kowa da ra'ayinsa."

"Fanka ba ta yi zaɓe ba."

Aka yi dariya. Isyaku bai yi ba. Ya dubi kwandunan tumatirin nan suna ɗiga, ya gaji da musu, ya ɗaure.

Gaba da Kaduna fanka ta ɓalle, ta yaga lagireto. Tumatir ya ruɓe a bakin titi, mai mota ya karɓe makulli. Lawan bai zo ya yi wa Isyaku faɗa ba, ya koma acaɓa a Hotoro. Shirun nan shi ya fi cin Isyaku.

Aka jawo motar, aka gyara lagireto da fanka, saura kuloci. Sai Isyaku ya ƙudura cewa in Lawan ya je wa mai motar da kuloci a hannu, ƙila a mayar masa da makulli. Ya yi ta yawon nema da bayan nan nasa har ya samo. Ranar da ya kawo shi, a ranar ciwon bayan ya kwantar da Isyaku.

Ya aiko aka kira ni. Ya ce, "Kai wa Lawan. A tsaye za ka riƙe shi, in ya kwanta man cikinsa tsiyayewa yake."

Na je Hotoro, aka ce ya koma Darmanawa. Na je Darmanawa, aka ce ya bi wata mota a matsayin karen mota, ba a san ina ba. Kafin in dawo da amsa Isyaku ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Kulocin ne abin nan cikin buhu a bayan ƙofa, wanda kakarki take ta so ta ba 'yan gwangwan. In kin zo shara, ki jingine shi yadda kika same shi.