Littafin Ƙanena da Na Ƙona

Ƙanena ya yi shekara tara a Angola yana tuƙa tifa a wani kamfanin gina hanya. Da ya dawo Gwarzo bai zo da wani abin kirki ba, sai rediyo da akwatin ƙarfe da wani littafin rubutu mai baƙin bango. Mahaifinmu ya riga ya rasu, ni ne babba a gida. Ƙanen nawa yana da karatu da murya, shi ya sa a shekarar da ya dawo dattawan unguwa suka fara maganar ba shi na'ibin liman.

Wata rana ina neman zarto a ɗakinsa na ga littafin, na buɗe. Aji huɗu na yi a firamare, ina iya haɗa baƙaƙe. Sunayen Turawa ne a jere bibbiyu, kowane layi da shekara a farkonsa, da lambobi a gabansu. Lokacin cacar ful, wadda ake yi a kan wasannin ƙwallon Turai, ta ci gidaje biyu a layinmu, kuma na taɓa hango takardarta daga nesa. Ban tambayi kowa ba na yanke hukunci.

Na kira shi zaure. Ya ce, "Yaya, ba caca ba ce. Wasa ne da na koyi kallo wajen mutanen Fotugal da muka yi aiki tare. Mutum biyar-biyar ne, kowa da takalmi mai taya huɗu, suna bin 'yar ƙwallo da sanda mai lanƙwasa. Ƙungiyoyin Turai suna da kofin da suke karawa a kai duk shekara, tun muna yara. Wannan jerin waɗanda suka ci ne, da waɗanda aka doke a wasan ƙarshe. 'Yan Sifen sun daɗe suna riƙe da shi kafin a ƙwace."

Na ce, "Ƙato da gemunsa a kan taya yana bin ƙwallo da sanda? Ko ƙaryar ma ba ka iya ba."

Na saka littafin a murhu yana kallo. Da a nan na tsaya da sauƙi. Washegari bayan la'asar na miƙe a masallaci na ce kada a sa mai caca a gaban sahu, ko da ɗan'uwana ne. Aka yaba mini. Kafin damina ya kwashe iyalinsa ya koma wajen surukansa a Gude, ta wajen Kabo, ya kama noma.

An fi shekara ashirin, ranar nan ina zaune a shagon wani tsohon tela maƙwabcinmu, zancen ya taso. Ya tsayar da keke ya ce, "Alhaji, ka ce kowane layi da shekara ya fara?"

Na ce e.

"To ful mako-mako ake yi. Wa zai zuba kuɗi a wasan da aka gama tun ba a yi masa kaciya ba?"

"Kai ina ka sani?"

"Ni na buga ta shekara goma. Ranar da ka yi jawabin ina sahu na biyu, in na yi magana asirina ne zai tonu."

'Yata malamar makaranta ce, ta nemo mini wasan a waya. Ga su nan a kan taya, wasu har da gemun. Ta nemo jerin kofin ma, shekara bayan shekara.

Na hau acaɓa zuwa Gude. Na same shi a fadama yana cirar albasa. Muka gaisa, ya tambayi gida da jikoki, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya karkaɗe hannunsa ya ce, "Ni na yafe tuni, Yaya. Amma ba ni ka faɗa wa ba, masallaci ka faɗa wa."

Ranar Juma'a bayan la'asar na miƙe a masallacin unguwa na ce ƙarya na yi wa ƙanena, bai taɓa caca ba. Cikin waɗanda suka ji maganar farko mutum uku suka rage, ɗaya ba ya ji sosai, sai da aka maimaita masa. Sauran matasa ne, ba su san wanda nake nufi ba. Suka jira na gama, suka ɗauki takalmansu.