Sifilin da Na Ƙara wa Zaren Malam

Ko tsufa ya kwashe mini haƙora, ba zan manta da safiyar da na sa hannu a kwamfutar maigidana ba. Lokacin muna zaune a Goronyo, ɗiyata ta fari tana da wata tara, kuma ranar za a yi mata allurar ƙyanda. Ma'aikaciyar asibiti ta riga ta gargaɗe ni, in azahar ta yi sun tashi, sai wani mako. Ni kuwa ko atishawa yarinyar ta yi sai na ƙara mata bargo, balle ga ƙyanda ta shiga gidan maƙwabta.

Malam, maigidan nawa, shi ne zai kai mu a babur, amma ya ce ba ya tashi sai lissafinsa ya ƙare. Rabon ruwan manoman albasa yake lissafa wa ƙungiyarsu. Tun hantsi nake goye da yarinya, mayafi a kafaɗa, ina zagaya shi.

Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma ina da ido. A gefen allon na ga 'yan akwatuna takwas, ɗaya ya cika da kore yana ta motsi, bakwai shiru.

"Malam, waɗanga bakwai mi ya hana su aiki? Ko baƙi na, ana jin kunyar sa su?"

Ya fara dariya, sai kuma ya tsaya ya ƙura ido. Ya ce kwamfutar ƙwaƙwalwa takwas gare ta, amma laburaren, wato tarin dabarun lissafi da ya ɗora mata, an bar shi a kan zare ɗaya. Zare, in ji shi, layin aiki ne. In an buɗe takwas, sai a raba lissafin kowa ya ja nasa lokaci guda.

Ya tsayar da aikin, ya goge ɗaya, ya rubuta takwas. Bai kai ga tayar da shi ba shugaban manoma ya yi sallama a ƙofar gida, ya fita. Na dubi takwas ɗin nan ita kaɗai, na dubi rana. In takwas za su yi sauri, ina ga tamanin? Sifili dai na san shi. Na miƙa yatsa na ɗora mata sifili ɗaya a gaba, na koma bakin gado ina yi wa yarinya wasa kamar ban taɓa ganin kwamfuta ba.

Malam ya dawo ya danna bai duba ba. Akwatunan duka suka yi kore, har na fara yaba wa kaina. Can sai fankar cikin ta kama gurnani, layin da ke nuna ci gaban aiki kuwa ya koma rarrafe, ya fi na ɗazu nawa. Ya ɗora wa zafi laifi, ya karɓi maficina yana yi wa kwamfuta fifita. Ya koma kan masu laburaren, ya ce ba su san aikinsu ba. Dariya na cina, tsoro na cina, inuwar katanga tana ta janyewa.

Da na ga allurar za ta kuɓuce, na ce a hankali, "Malam, in mata tamanin sunka kama turmi guda, lugude za a yi ko faɗa?"

Ya juyo. "Ina kika samo tamanin?"

Na ce ni dai tambaya na yi. Ya koma ya duba inda ya rubuta takwas, sai ga tamanin.

"Ashe injiniya ni aura ban sani ba. Kin tara su suna ture juna, ba mai samun wurin daka."

Ya goge sifilina ya sake tayarwa. Kafin in gyara goyo, lissafin ya ƙare. Mun isa asibiti ma'aikaciyar tana haɗa kayanta, ta harare mu, ta buɗe akwatin sanyi. Ban taɓa jin daɗin kukan ɗiyata irin na ranar ba.

Daga baya na lura, duk lokacin da tsoro ya kama ni, hannuna ƙari yake nema: ƙarin magani, ƙarin bargo, ƙarin sifili. Yanzu kafin in ƙara komai sai na tambaya nawa abin zai iya ɗauka. Malam ma ya ɗauki nasa darasin, ko alwala zai je sai ya rufe kwamfutarsa.