Ƙwallo Ukun da Ba a Buga Ba

Ni nake riƙe da littafin ƙungiyar ƙwallonmu ta Jega. Ba don na fi kowa sanin wasa aka ba ni ba, sai don na gama firamare kuma rubutuna yana karantuwa. Sana'ata ɗinki. Kekena yana wata rumfa a bakin kasuwa, littafin kuma yana aljihun keken tare da allurai da alli. Duk wasan da aka yi sai in ja layi, in rubuta garin da muka kara da shi, da wanda ya tsaya raga, da ƙwallon da muka ci, da wadda aka ci mu.

Shafukan farko na zamanin da muke ƙarƙashin Sakkwato ne. Lokacin samarin kasuwa ne kawai, mahauta da 'yan dako da yaran mota, suna taruwa da la'asar su buga ba takalmi. Fitarmu ta farko an lallasa mu har na ji nauyin rubutawa, amma na rubuta. Da aka yanke mana sabuwar jiha aka ce garuruwa su fito da ƙungiyoyi a yi gasa, sai wani Alhaji mai fataucin albasa a Aliero ya ɗauke mu. Ya yi mana rajista, ya sayo takalma, ya yanka wa 'yan wasa albashi duk wata. Ni na ɗinka rigunan. Daga nan ƙwallo ta zama aiki, mahauci ya bar wuƙa ranar atisaye ba wanda zai ce masa ɗan iska.

Ƙanena shi ne gola, dogo ne, ya fi kowa tsawo a ƙungiyar. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. A tasha ya koyi cafka, inda ake jefo kankana daga saman mota, wanda ya yar kuwa ya sha zagi. Bai yi boko ba, amma ya san sifili in ya gan shi, yana ce masa ƙwai. A kakar da nake ba da labari, tun da aka fara gasa ba a taɓa cin sa ba. Ko mu ci, ko a tashi canjaras ba ci. Kashegarin kowane wasa zai zo rumfata ya zauna kan buhun ƙyallaye.

"Yaya, kazar tau ta yi ƙwai?"

Sai in buɗe in nuna masa. Ya bi layin da yatsa daga sama har ƙasa, ya yi dariya, ya ɗauki gyaɗata ya tafi.

Wasa biyu suka rage mana, na farkonsu a Maiyama. Bazara ce, zafi har ƙasa tana turiri. Na riga su tafiya a kan babur tun hantsi, don in miƙa takardar sunaye in nemi inda za su sauya kaya. Su kuma za su taso bayan azahar a bas ɗin Alhaji.

Aka yi la'asar ba su iso ba. Fili ya cika, 'yan Maiyama sun fito suna ɗumama jiki, yara suna yi mini waƙar tsiya wai mutanen Jega sun ji tsoro. Alƙalin wasa ya kira ni, ya nuna mini agogonsa. Na roƙe shi ya ƙara mana lokaci. Ya ƙara, don mutumin kirki ne. Ina tsaye bakin hanya ina duban arewa, raina a ɓace. Na tabbata ƙanena ne ya tsayar da su, don shi kullum sai an shiga mota yake tuna safar hannunsa. A zuciyata na zage shi. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Da lokaci ya cika, alƙali ya sa 'yan Maiyama suka jeru, ya ajiye ƙwallo a tsakiya, ya busa usur, ɗaya ya taɓa ta, ya sake busawa. Shi ke nan. Dokar gasar ita ce, wanda bai zo ba an ci shi uku da nema. Ya miƙo mini takarda na sa hannu. Na zauna gindin wata bedi, na fito da littafina, na ja layi. A gidan mai tsaron raga na sa sunan ƙanena kamar yadda yake a takardar da na miƙa, a gabansa na rubuta uku. Na danna biro da ƙarfi saboda haushi, har ya fito a bayan shafin.

A hanyar komawa na ga bas ɗin. Yana kwance a kan gefensa ƙasan titi, tayar gaba ta yage. Ba kowa sai wasu manoma biyu 'yan Gehuru da suka dawo daga kasuwa, suna tsintar takalma suna tarawa wuri ɗaya don kada a sace. Ɗayansu ya dubi rigar da ke ɗaure bayan babur ɗina, ya ce an kwashe su zuwa asibitin Jega. Na tambaye shi ko akwai rai da aka rasa. Ya ce, "Mutum guda, wani dogo."

Kafin magariba aka rufe ƙanena. Ban sami wanka ba, sallar kawai na samu.

Bayan sadakar bakwai na buɗe littafin. Layin ƙwayayensa yana nan, a ƙasa kuma uku, da hannuna. A lokacin da nake rubuta ta yana kwance a bayan wata akori-kura an lulluɓe shi da tabarma. Na san zan iya sa reza in kankare. Amma takardar da na sa wa hannu ta riga ta tafi ofishin gasa, can ma uku ce, kuma ita za a karanta ƙarshen kaka. Ban taɓa rubuta ƙarya a littafin nan ba, ko ranar da aka lallasa mu. Wannan ukun kuwa ba wanda ya buga ta.

Innarmu ba ta san ƙwallo ba, ba ta taɓa zuwa fili ba. Amma maganar ta kai mata ta bakin mata masu zuwa gaisuwa. Wata safiya na shiga gaishe ta, ta ce:

"An ce an ɗora mai laihi bayan ransa."

"Ba laifi ba ne, Inna. Ƙa'idar wasa ce."

"An ce ka sa hannu."

Ba ta ƙara ba, ta ci gaba da jan carbinta.

Na tafi Birnin Kebbi sau biyu. Ran farko ban sami mai kula da gasar ba. Ran na biyu ya karɓe ni da mutunci, ya yi mini ta'aziyya, ya sa aka kawo ruwa.

"Malam, mi kaka so in yi maka? Doka ta. In na goge wagga, gobe kowa motarsa ta lalace shi zo."

"Ranka ya daɗe, ba lalacewa ta yi ba."

"Na sani. Wallahi na sani." Ya juya takardar da na sa wa hannu. "Hanya guda ta. In mutanen Maiyama sunka rubuto sun yafe makinsu, a sake wasan. Amma wa ka yarda shi maida abin da yas samu a banza?"

Kyaftin ɗin Maiyama bakanike ne, na same shi ƙarƙashin wata mota. Ya fito yana goge hannu, ya gane ni. Ban gama bayani ba ya ɗaga hannu.

"Tela, tun ran nan ba mu ji daɗin makin ga ba. Ni da golanku mun sha zage-zage a hili, na so in ci shi da ƙahwata ko sau guda. Kawo takarda."

Aka sa rana. Sai Alhaji ya kira ni, ya ce anya. Mutum huɗu suna ɗaure da karaya, cikinsu har da golanmu na biyu. Sauran da ƙyar za su cika sha ɗaya, kuma duk wanda aka ce ya shiga raga sai ya sunkuyar da kai. Ba wanda yake son tsayawa inda mamaci ya bari. Alhaji ya ce in aka sake wasan za a ci mu fiye da uku, me muka yi ke nan? Na ce masa ko goma ce, a ci mai rai. Ya dube ni ya ce to wane mai ran?

Na je na duba rajista. Da ake cike ta tun farko sunaye ba su kai yawan da ake so ba, sai na sa nawa a ƙarshe don cike gurbi. Yana nan ba a cire ba.

Ranar wasan na sa rigar gola da na ɗinka da hannuna, sai da na naɗe hannayenta sau biyu. Filin ya cika kamar wancan karon, amma ba waƙa. Aka busa. Ban san inda ake tsayawa ba. Cikin ɗan lokaci na gane abin da 'yan Maiyama suke yi. Su zo har gabana, ba kowa tsakaninmu, su ɗaga ƙwallo sama ta wuce raga, ko su turo mini ita a hankali kamar ana wasa da yaro. Jama'a suka fara gunaguni. Alƙali ya tsayar da wasa ya ce in wasan yara za a yi zai rubuta haka, a koma kan hukuncin farko.

Na fita daga raga na je wurin kyaftin ɗinsu.

"Don girman Allah ku buga."

"Tela, kunya muka ji."

"Kunyar taku za ta maido masa da ukun. Ku buga."

Suka buga. Ta farko ban ma gan ta ba, ƙarar raga kawai na ji. Ta biyu ta bi tsakanin ƙafafuna. Bayan hutu na tare ɗaya da fuska, leɓena ya fashe, wani daga cikin 'yan kallo ya yi tafi shi kaɗai ya daina. An tashi biyar da nema. Na sa hannu a takardar alƙali, ya rubuta a samanta cewa ta soke ta farko. A littafina na ja layi ɗaya a kan tsohon, yadda har yanzu ana iya karanta shi, na rubuta sabon a ƙasa da sunana.

Wasan ƙarshe ma ni na tsaya, aka sake cin mu. Da damina ta faɗi Alhaji ya ce zuciyarsa ta fita daga harkar, ya raba wa yara takalman. Ƙungiyar ba ta sake fita ba.

Ranar da na dawo daga wasan da aka sake a Maiyama na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta dubi leɓena.

"An ɗauke mai?"

"An ɗauke, Inna."

"Wa anka ɗora ma?"

"Ni."

Ta ture faifan gefe.

"Kai kana da rai, kana iya ɗauka. Zo in gasa ma bakin ga."